Abin Da Ake Saye A Cikin Tifar Yashi

Tsofaffin direbobin tifa na Kano suna da wata taswirar gari a ka wadda babu ita a ofishin safiyo. Kai in an ambaci unguwa, gidaje da shaguna da masallacin Juma'a za ka tuna. Su kuwa abin da aka taɓa haƙa a wurin suke tunawa: nan jan burji ne mai kyau, can marmara ce sai an sa diga, gaba kaɗan ƙasar banza ce sai dai ciko. Wurare da dama da yau ake lissafa su cikin gari, a shekarun 1970 da 1980 gonakin dawa ne da ramuka, kuma daga waɗannan ramuka aka kwaso abin da ke kwance ƙarƙashin kwaltar da muke takawa. In hira ta yi daɗi, ƙorafinsu guda ne. A da kaya na bakin ƙofa, gas ba a ma sa shi a lissafi, mota tana jure wahala, mutum ya yi sawu iya ƙarfinsa ya koma gida kafin magariba. Yanzu sai ka yi sammako ka ba gari baya sosai kafin ka ga yashin kirki.

Gaskiya suka faɗa. Sai dai labarin nasu yana tsayawa ne a bakin rami, daidai inda tifa ta juya ta hau hanya. Abin da ya sa kaya ya yi araha a wancan zamani shi ne dai ya sa ya yi tsada yau: mai gini bai taɓa biyan kuɗin yashi ko na tsakuwa ba, kuɗin ɗauko su yake biya. Kuɗin ramin da aka bari a baya kuwa har yau ba a rubuta shi a takardar kowa ba.

A duba kwaɓin kankare. Awon da yawancin magina suka saba da shi, kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Cikin kwano bakwai, shida tifa ce ta kawo su. Bulo ma yashi ne da aka ɗan ratsa shi da siminti. Kafin a kai ga nan kuma an riga an zuba burji an cike harsashi an daɓe. Amma buhun siminti ya ƙara kuɗi yau, gobe rediyo ta ɗauka, jibi a kira masu masana'anta Abuja su yi bayani. Tifar yashi kuwa ta ninka kuɗinta, babu mai ji sai mai gini da birkilansa. Ba a nan kaɗai ake yi wa yashi wannan riƙon sakainar kashi ba. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa duniya na cin yashi da tsakuwa kimanin tan biliyan 50 kowace shekara, kuma in aka cire ruwa babu abin da ɗan Adam ke kwasa daga ƙasa da ya kai su yawa.

Wani zai ce mu da ke bakin hamada, ina mu ina ƙarancin yashi? Ga tuddan rairayi can a Yusufari, sai wanda ya gaji da kallo. To rairayin da iska ta daɗe tana murzawa ya yi laushi da yawa, ƙwayarsa ta mulmule, ba ta kama siminti. Kankare yashi mai kaifi yake so, wanda in ka murza a tafin hannu za ka ji yana karta, kuma ruwa ne ke tara irin wannan a cikin kogi. Don haka yashin gini yana inda kogi yake, tsakuwa tana inda dutse yake, burji yana inda Allah ya ajiye shi, gini kuma yana inda mutane suka taru. Sana'ar tifa ɗungurungum a tsakanin waɗannan wurare take cin abinci.

Na ɗan taɓa lodi a ramin burji lokacin hutun makaranta, irin na yaron da ke haɗa kuɗin ɗinkin sallah, don haka na ga yadda aikin yake kafin katafila ta karɓe shi. Mutanen rami kashi biyu ne, 'yan diga da 'yan shebur. 'Yan diga su ne manya, su ke karanta bangon rami. Ba sa saransa daga sama. Ƙasa-ƙasa suke bi suna rarake gindinsa har ya yi rumfa, sannan a hau sama a kafa ƙarfe a ɓamɓaro shi ya rufto gaba ɗaya, aikin yini ya ƙare a sa'a guda. Wannan dabara ke ciyar da su, ita ce kuma ke binne su, domin bangon da ya sha ruwan damina ba ya jiran a ce masa ya faɗo. Da wuya ka samu ramin da ya daɗe wanda ba shi da sunan wani da ake ambata a bi shi da Allah ya jiƙansa.

'Yan shebur su jeru gefe biyu na mota, ana watsawa sama da kai. Shebur ɗin farko wasa ne. Sai mota ta kusa cika, kafaɗa ta mutu, ƙura ta like a maƙogwaro, sannan direba ya leƙo daga inuwa ya ce, "Samari, a yi mata tozo mana," don mai kaya ba ya karɓar tifa a shafe. Ba yini ake biya ba, lodi ake biya, a raba tsakanin waɗanda suka zuba. Babu takarda babu biro. Duk motar da ta tashi, shugaban lodi ya jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani, da yamma a zazzage a ƙirga a gaban kowa. A gefe ga mai kunu, ga mai ɗanwake, ga mai rogo da ƙuli, su ma bashi suke bayarwa sai an yi rabo. Ɗan wahalar gaske shi ne yaron mota. In taya ta nutse shi zai kwanta ya tona ya cusa duwatsu da rassa, shi zai nemo ruwa ya zuba a lagireto, in an isa wurin gini shi zai zare sakatar baya ya yi tsalle gefe. Galibin direbobin da yau ake ce wa Baba daga nan suka taso, shekaru suna yi wa maigida hidima kafin ya sakar musu sitiyari, shi ma a cikin rami, mota babu kaya.

A duk wannan hada-hada, abin da ya fi komai araha shi ne ƙasar da ake kwasa. Mai gona a ba shi ɗan wani abu, mai unguwa a je a gaishe shi, shi ke nan.

Yashi da tsakuwa kaya ne masu nauyin tsiya marasa daraja. Abin da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe ya kai tan ɗaya da rabi, amma kuɗinsa a bakin rami bai taka kara ya karya ba. Kaya irin wannan nisa ke yanka masa farashi. Ga kuma inda tifa ta bambanta da tirela: tirelar da ta kai albasa ko shanu kudu tana dawowa da wani kayan, tifa kuwa rabin tafiyarta wayam take yi. Duk kilomita ɗaya da rami ya ƙara, biyu ne a wurin direba.

A ƙaddara rami yana kilomita 5 daga wurin gini, ya ƙare aka koma wani mai kilomita 40. Gas ya ninka sau takwas a kowane sawu, wannan kowa ya gani. Abin da ba a lura da shi ba, yini bai ƙara tsawo ba. Motar da ke kai-komo tun safe har yamma yanzu da ƙyar ta yi sawu biyu ko uku, alhali balas ɗin mai mota, wato kuɗin da direba ke kai masa kullum, yana nan yadda yake, abincin direba da na yaronsa suna nan, taya da sifirin ma sun fi saurin ci. Duk wannan a kan 'yan sawun da suka rage ake ɗora shi. Damina kuma ta zo da nata: kogi ya cika, hanyar rami ta zama taɓo, wuraren da ake iya shiga su ragu, farashi ya tashi. Shi ya sa mai gini mai wayo yake tara yashinsa tun da rani ya kewaye shi da bulo.

Sannan ga gas ɗin kansa. Tifa ba ta shan fetur, don haka tallafin da aka yi ta rigima a kai har aka cire shi a Mayun 2023 bai shafe ta kai tsaye ba, gas an daɗe da sakar wa kasuwa shi. Nata bugun ya riga na kowa zuwa. A farkon 2022 lita ba ta kai naira 300 ba. Bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren ta kai wajen 800 kafin shekarar ta fita, kafin ƙarshen 2023 kuma ta haura 1,000. Faɗuwar naira ta biyo baya ta hau kan taya da kayan gyara, waɗanda kusan duk daga waje suke zuwa. Je ka tashar tifa da safe ka ce kana son kaya. Kafin ɗan kamasho ya tambaye ka mai kaifi ko mai laushi, abin da zai fara cewa shi ne, "Alhaji, ina za a kai?"

Ƙasar ma ba ta yi rabo daidai ba. Abuja da Jos da Bauci da Dutse da Gusau duwatsu ne suka kewaye su. Maiduguri kuwa a shimfiɗaɗɗen kwarin Tafkin Cadi take zaune, yashi da laka ne har can ƙasa, dutsen fasawa sai an nufi wajen Gwoza da Pulka, yankin da rikicin Boko Haram ya rufe shekara da shekaru. Sakkwato tana da farar ƙasar siminti a Kalambaina, amma dutse mai ƙarfi na tsakuwa sai an yi gabas wajen Zamfara. Bene iri ɗaya, zane iri ɗaya, kuɗin kankarensa ya sha bamban daga gari zuwa gari tun kafin wani ya yi haɗama.

To me ke korar ramuka daga kusa da gari? Kaya yakan ƙare, amma galibi garin ne ke kore su, kuma su ne suka janyo shi. Tifa ta fasa hanya cikin gonaki, masu abinci su kafa rumfa, bakanike ya buɗe gareji, sai dillalan fili su lura wuri ya samu hanya. Kafin ka ankara an yanka fuloti har gaɓar rami. Sababbin maƙwabta su fara kuka da ƙura da ƙara da yaran da ke wasa a baki, ƙasar kuma ta fi kuɗi a fuloti fiye da a tifa. Masu haƙa su saɓa shebur su yi gaba, ramin ya zauna.

Kano ta san wannan tun kafin a ƙera mota. Kududdufan cikin birni ai ramukan gini ne, daga cikinsu aka ɗebi ƙasar tubalin gidaje da soraye da badala. Amma na da jaki ne ya ɗauke su, mangala bayan mangala, shekaru aru-aru, har birnin ya koyi zama da su. Su ke shanye ruwan damina na unguwa. Suna da sharrinsu, sauro da tsargiya da yaron da ya tafi wanka bai dawo ba, amma suna da aikin yi. Ramin zamanin tifa ya fi zurfi, gaɓarsa a tsaye take, kuma cikin 'yan shekaru aka yi shi aka gama. Makomarsa sananniya ce. Ya cika da ruwa, ya zama juji, wata rana a wayi gari tifofi na zuba masa ƙasa da ɓaraguzai, a daɓe sama-sama a sayar. Ƙasar cikon kuwa daga wani sabon rami aka haƙo ta can gaba. Wanda ya saya ya gina, bayan damina biyu ko uku bango ya tsage, domin sharar da ke ƙasa tana ruɓewa tana zama. Ruwan da ramin ya saba sha ya rasa masauki ya faɗa ɗakunan maƙwabta. A ganina, da yawa daga abin da muke kira ambaliya a unguwanninmu ruwa ne da ya dawo gidansa ya tarar an yi gini.

Labarin kogi ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma shi aka fi yi wa gurguwar fahimta. Tsofaffin masu ɗiban yashi sun taso da yaƙinin cewa yashin kogi ba ya ƙarewa, ka kwashe da rani damina ta mayar. A zamaninsu kusan haka ne, domin ruwan da ke gangarowa daga tuddai yana tafe da sabon yashi kowace shekara. Amma an kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Audu Baƙo, aka kammala ta Challawa a yankin Ƙaraye a 1992. Madatsa ruwa take saki, yashi a bayanta yake kwantawa. Tun daga nan, abin da ake kwasa a ƙasan madatsun, daga wajen Tamburawa har zuwa Wudil, tsohuwar ajiya ce da ɗan abin da ƙananan rafuka ke kawowa, garin da ke ci kuma ya ninka kansa ba sau ɗaya ba. In abin da ake ɗiba ya fi abin da ke shigowa, cikin kogi zurfafa yake yi. In ya zurfafa, gaɓa ta zube ta tafi da gonar mai lambu, ruwan rijiyoyin fadama ya ja ƙasa, gindin ginshiƙan gada ya fara bayyana, bututun da ke zuƙo ruwan sha ya kasa kai wa ga ruwa da rani. A inda ruwan ba ya ɗaukewa kuma aikin ya koma na kwalekwale, matasa suna nutso da bokiti suna cikawa. Ɓarnar ba a rana ɗaya take aukuwa ba, ba kuma mota ɗaya ce ta yi ta ba, shi ya sa ba a samun wanda za a riƙe.

Motocin ma sun sauya. Tifar da tsofaffi ke yabo, Bedford ko Marsandi 911, ƙarama ce mai taya shida. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 har a gida ake haɗa manyan motoci: Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Marsandi a Inugu, Leyland a Ibadan. Kuɗin mai ya shigo, a 1976 aka yanke shawarar gina Abuja aka kuma ƙara jihohi zuwa 19, kowace na son sakatariya da tituna da gidajen ma'aikata. Lokacin ne sana'ar ta yi ƙiba, kuma shi ne zamanin da ake ba da labarinsa. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 masana'antun suka yi ta durƙushewa, aka koma kan tsofaffin motocin Turai da Amurka, DAF da MAN da Mack. Yau kasuwar ta motocin China ce, Howo da 'yan uwanta, masu taya goma, masu ɗaukar tan 20 zuwa 30. Nisa ne ya kawo wannan girma, domin in sawu ya ragu dole kowane sawu ya yi nauyi. Mota irin wannan kuma ba a cika ta da shebur. Katafila ta ɗan yi mata cokali kaɗan ta tashi. A nan aikin 'yan lodi da yawa ya ƙare, babu sanarwa babu sallama. Wasu suka koma ƙananan rafuka inda katafila ba ta shiga, wasu suka hau acaɓa har aka hana shi a Kano a 2013.

Nauyin nan hanya ke biyansa. Wani babban gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa ɓarnar da mota ke yi wa titi ta fi nauyinta saurin ƙaruwa nesa ba kusa ba: in nauyin da ke kan layin taya ɗaya ya ninka sau biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Sai ka dubi tifar da aka ƙara wa katako a gefe don ta ƙara ɗauka, yashin jiƙaƙƙe daga kogi, ruwa na tsiyaya a bayanta, ta hau titin unguwa da aka yi don ƙananan motoci da a-daidaita-sahu. In titin ya farfashe a zagi ɗan kwangila, wani lokaci da gaskiya, wani lokaci kuma an ɗora masa laifin da ba nasa kaɗai ba.

Mutanen gari suna yi wa direban tifa kallon marar imani, kuma ba zan kare wanda ya hau titi da birkin da ya san ba ya ci ba. Amma mutumin da aka ce masa kuɗinsa a kan sawu yake, kuma sai ya cika balas kafin ya taɓa ko sisi, tun daga gida aka taka masa totur. 'Yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Kano, da jami'an kiyaye haɗurra su tare shi a hanya su ci shi tara. Mai motar da ya yanka balas ɗin, ya kuma ce a lallaɓa birkin zuwa wani mako, yana zaune a zaurensa.

Tambayar da ta fi wuya ita ce, ramin na wa ne? Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ce ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta sa yashi da tsakuwa da burji cikin abin da sai da lasisin tarayya ake haƙa don kasuwanci. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filin kansa a hannun gwamna. A ƙauye kuma kowa ya san gonar wane ce, kuma babu tifar da za ta shiga ba da sanin dagaci ba. Iko ya rabu gida uku, kowane gida yana da mai karɓa, babu gidan da ke da mai cikewa. Dokar 2007 ta tanadi mai lasisi ya ƙulla yarjejeniya da mutanen wurin, ya kuma gyara ƙasar in ya gama. Wannan yana iya kama kamfani mai ofishi da allo a ƙofa. Ba ya kama mutum ashirin da katafilar haya waɗanda suka gama ciniki da mai gona a gindin ɗorawa. Kai, ko manyan 'yan kwangilar hanya ma, duk wanda ya bi manyan titunanmu da damina ya ga tafkunan da suka bari a gefe.

Mai gonar kuma kada a yi saurin zaginsa. An zo masa da kuɗi a dunƙule, sun fi abin da gonar za ta ba shi a damina da yawa, ga aurar da 'ya a gabansa, ga mara lafiya a ɗaki. Sai dai abin da ya sayar ba ya tsirowa. Ƙasar sama mai taki, wadda iyaye da kakanni suka yi ta kai wa toka da kashin dabbobi, ita katafila ke fara turewa gefe, magada kuma rami za su raba.

Kuɗi dai ana karɓa, har ya yi yawa. Akwai rasit na ƙaramar hukuma, akwai na jiha, akwai na ƙungiya, akwai na matasan gari da suka gitta gora a hanya, ban da shingen da ba ya ba da rasit. Duka a kan mota ake karɓa, don ita ake iya tarewa, kuma kuɗin ba ramin suke komawa ba. A Ingila, inda aka haƙi tsakuwa sosai a kwarin Kogin Thames bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yanzu ba a ba da izinin haƙa sai da sharaɗin yadda za a bar wurin. A yankin Cotswold tsofaffin ramuka sun zama tafkuna fiye da 150 na kamun kifi da shaƙatawa, kuma tun 2002 akwai haraji a kan kowane tan da aka haƙa aka sayar. Su a bakin rami suke karɓa, da sikeli.

Namu da ya yi kama da wannan ba da shiri aka yi shi ba. A Mpape, bayan Maitama a Abuja, an buɗe wurin fasa dutse a 1977 don ginin sabon babban birni. Aka ci dutsen shekaru fiye da 30, aka tashi aka bar ƙaton rami, ruwa ya cika shi. A 2020, lokacin kullen korona, hotunansa suka bazu a Instagram, wurin ya koma na yawon buɗe ido. Yana da kyau, ba musu. Amma garin Mpape da ke kewaye da shi, wanda leburori da direbobi da iyalansu suka cika, yana nan cikin ƙura da cunkoso yana hango gidajen da aka gina da dutsensa. A Satumban 2018 da ƙasa ta yi girgiza a yankin, sai da hukumomi suka dakatar da fasa dutse da nakiya na wani lokaci.

Kusa da manyan injinan fasa dutse kuma akwai masu fasawa da hannu. Maza su hura wuta da itace ko tsofaffin tayoyi a kan dutse har ya tsage, su farfasa manyan, mata da yara su zauna a ƙasa da guduma su mayar da su tsakuwa, a sayar da kwano ko a tara har ta isa tifa. Ƙurar dutse tana maƙalewa a huhu ta yi tabo. Cutar ba ta da magani, takan ɗauki shekaru kafin ta nuna, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Tsofaffin 'yan rami za su ba ka labarin sawu da arha da kansu, amma tari da ciwon baya da rashin fansho sai ka tambaya.

Mai gini ma bai tsira ba. In tifa ta yi tsada ba a fasa gini, inganci ake ragewa. Mai buga bulo ya ƙara yawan abin da yake fitarwa daga buhu ɗaya. Direba ya ratse wani rafi na kusa ya ɗebo mai haɗe da laka, ya lulluɓe shi da mai kyau a sama. A cakuɗa tsakuwar inji da ta marmara mai saurin marmashewa. Laka tana rufe ƙwayar yashi ta hana siminti kamawa, ginin kuma yana iya tsayawa lafiya lau shekaru, har ranar da aka ɗora masa bene. Wasu masu bulo sun koma kan garin dutse, abin da a da kamfanoni ke tulawa gefe ba mai so. Yana yin bulo mai ƙarfi, yana kuma rage wa kogi nauyi, amma kwaɓinsa yana shan ruwa, kuma shi ma sai an ɗauko shi daga inda dutse yake, an dawo kan maganar gas ke nan.

Tsofaffin birkiloli ba sa bari a juye kaya sai sun hau mota sun zura hannu can ciki sun damƙo. Su murza a tafi. In hannu ya yi ja, ko yashin ya dunƙule ya ƙi wargajewa, akwai laka, kuma a nan ake sake ciniki tun mota ba ta ɗaga baya ba. Wanda ke son ƙarin tabbaci ya zuba yashin a kwalba zuwa rabi, ya cika da ruwa da ɗan gishiri, ya girgiza sosai ya ajiye 'yan sa'o'i. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa ta yi layi. In kaurin layin ya kusa kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, wannan kaya na ciko ne, bai isa shiga kankare ba. Direba dai ba zai tsaya jiran kwalba ba, don haka amfanin gwajin a sawu na gaba yake, ranar da za a ce masa ya canja rami ko a canja shi.